Yaro ya kai wata 18 bai taka ba: a jira ko a tashi?

Akwai maganganu biyu da duk uwar da ɗanta ya makara ta sha jinsu har ta haddace, "nauyin ƙafa gareshi" da "nauyin baki ne, ai babansa ma sai da ya shekara uku ya fara magana". Masu faɗa ba da mugunta suke faɗa ba, so suke hankalinta ya kwanta, kuma sau da yawa gaskiyarsu ne don yara basa tafiya a sahu ɗaya. Inda matsalar take shine wannan maganar dai ita ake faɗawa yaron da lafiyarsa ƙalau, ita ake faɗawa wanda kunnensa baya ji tun ranar da aka haifeshi, ita kuma ake faɗawa wanda ciwon shawara ya taɓa masa ƙwaƙwalwa kafin suna, kuma daga zaune a tsakar gida babu kakar da zata iya rabe su da ido komai yawan jikokin da ta raina.

Toh mu fara da ainihin faɗin lokacin, don kar a tayar da hankalin mutane a banza. Hukumar lafiya ta duniya WHO ta bi yara a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Abinda aka gani shine lafiyayyen yaro zai iya fara zama da kansa tun wajen wata 4, wani kuma sai ya kai wata 9, tafiya kuma daga wata 8 har zuwa kusan wata 18, kuma akwai kamar yara 4 cikin 100 da basu taɓa rarrafe ba kwata-kwata, daga zama sai jan gindi sai tsayuwa. Kunga kenan ɗan maƙwabta da ya taka a wata 10 ba shine ma'auni ba. Amma wannan lissafin yana da ƙarshe. Yaron da ya wuce wata 9 baya zama, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ya fita daga inda kusan duk yara suke, ya kamata wani masani ya dubashi. Haka a ɓangaren baki, in ya shekara baya gwaranci baya nuna abu da yatsa baya juyowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 16 zuwa 18 babu kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu irin "mama ruwa" ba. Wanda yafi duka nauyi kuma shine yaron da ya iya abu sannan ya daina, yana cewa baba ya bari, yana kallon ido ya daina, wannan ba a jiran ko wata ɗaya. Bakwaini shi lissafinsa daban, ana cire satittikan da ya rage bai cika a ciki ba har ya kai shekara biyu.

Me yasa ake ta nanata shekaru ukun farko? Saboda a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke shimfiɗa hanyoyinta, masana na cewa sama da mahaɗa miliyan ɗaya tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke ƙulluwa a duk sakan a waɗannan shekarun. Abin kamar turba ne a daji, wadda ake bi kullum sai ta fito tayi fes, wadda aka daina bi ciyawa ta cinyeta. Ji da gani da magana da motsi kowanne yana da lokacin da hanyarsa tafi saurin fitowa, in lokacin ya wuce ba wai an rufe ƙofa bane gaba ɗaya, yaro ɗan shekara shida ma yana koyo, amma aikin sai ya ninka kuma abinda ake samu ya ragu.

Kunne ne yafi nuna wannan a fili. Jaririn da baya ji yana kuka yana dariya yana kallon uwarsa kamar kowa, har ƴan sautuka yana yi a watannin farko, shiyasa ba a ganewa, kuma sama da 9 cikin 10 na yaran da aka haifa kurame iyayensu masu ji ne don haka babu wanda ya kawo abin a ransa. A 1998 wata malama a jihar Colorado ta Amurka, Christine Yoshinaga-Itano, ta fitar da bincike akan yara 150 masu matsalar ji, waɗanda aka gano kafin wata 6 aka fara taimaka musu sun yiwa waɗanda aka gano daga baya nisa sosai a harshe. Yanzu ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa itace a gwada jin jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6, ko da na'urar ji ko da maganar hannu ko duka biyun. Mu kuma yawanci sai yaro ya shekara uku ko huɗu baya magana sannan ake fara tambaya, kuma ko a lokacin ma bakin ake kallo, a ce harshensa ne a ɗaure a je a yanke, alhali kunnen ne. Yaron nan ya shafe shekarun da ake koyon yare babu yare ko wane iri, kuma wannan rashin shine ke binsa har makaranta, har a riƙa yi masa kallon mara fahimta bayan ƙwaƙwalwarsa garau take.

Wani abu da nake ganin ya kamata mu tsaya akai shine a wajenmu da yawa daga cikin yaran da ke makara ba haka aka halicce su a ciki ba, wani abu ne ya faru, kuma an san ranar da ya faru. Doguwar naƙuda ce, yaro ya fito bai yi kuka ba aka yi ta jijjiga shi ana yayyafa masa ruwa, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa na wasu mintuna. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna a Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti bata kai 2 cikin 10 ba, kenan yawancin waɗannan yaran babu ma takardar da ta rubuta cewa sun sha wuya ranar haihuwa. Ko sanƙarau ne, ko maleriya mai zafi da ta kai ga jijjiga da suma, aka yi jinya aka warke aka koma gida ana hamdala, ba wanda yace a dawo a gwada kunne. Ga tamowa, a wannan ƙididdigar dai yara 37 cikin 100 a Najeriya sun tsumbure, a Kebbi 66 a Jigawa 64, kuma tsumburewa ba tsawo kaɗai take ci ba. Ga kuma abinda ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, dubbai suka rayu da gubar a jininsu, kuma dalma ƙwaƙwalwa take lalatawa.

Shawarar jarirai kuwa ita ce ke min ciwo fiye da sauran don ita ce mafi sauƙin tarewa. Fiye da rabin jarirai suna ɗan yin ɗorawa a satin farko kuma yawanci ta wuce da kanta, wannan ne yasa aka raina ta. Amma in ta fito a ranar farko, ko ta sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaro ya ƙi kama nono ya yi lakwas, ko yana banƙarewa yana wani kuka mai tsini, toh sinadarin da ke sa launin ya fara shiga ƙwaƙwalwa kuma awanni ake lissafawa ba kwanaki ba. Abinda yake bari shine kurumta da sanƙarewar gaɓoɓi da wannan murɗe-murɗen jikin da yaro baya iya tsayarwa, har ƙarshen rayuwa. A gida me ake yi? Ruwan gulukos, shanya a hantsi, jiƙe-jiƙe, a ce a bari a yi suna tukuna. Sannan akwai wani rauni na jini da ake gado mai suna G6PD wanda yake da yawa a ƴaƴa maza a ƙasar nan, irin wannan jaririn kafur ɗin da ake zubawa a akwatin kayansa ko mantaleta ko lallen da aka shafa masa na iya farfasa masa jini shawarar ta haura cikin dare ɗaya. Maganin kuma hasken shuɗin fitila ne na kwana biyu uku a asibiti, in ta yi tsanani a canza jini. Rana kai tsaye ba ta maye gurbinsa, tana ƙona fata tana busar da jariri, wanda aka gwada a Legas aka wallafa a 2015 hasken rana ne da aka tace da wata leda ta musamman ƙarƙashin kulawar ma'aikata, ba shimfiɗa tabarma a tsakar gida ba. Duk jaririn da aka kwantar saboda shawara mai tsanani ko rashin kuka ko bakwaini ne, tun ranar sallama an san yana cikin haɗari, shi bai kamata ma a jira sai ya makara ba.

Toh menene shi tallafin wuri, wato gano matsalar yaro a fara taimaka masa tun da wuri, a aikace? Bari in ɗauki Amurka don tsarinsu a rubuce yake. Tun 1986 suka saka a dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman, wadda yanzu ake kira IDEA, cewa za a tallafawa jihohi su kafa tsarin kula da yaran da suka makara daga haihuwa zuwa shekara uku. Kowa na iya kai ƙorafi, likita ko mai reno ko uwar da kanta ba sai da takardar likita ba. Daga ranar da aka kai, doka ta basu kwana 45 su auna yaron kyauta a motsi da magana da fahimta da mu'amala da iya ɗawainiyar kai, su zauna da iyayen a rubuta tsari. Kuma tsarin na iyali ne gaba ɗaya, ana tambayar uwa me yafi damunki, ta ce cin abinci ne yana shaƙewa, ko baya barci, daga nan ake farawa. Akwai mutum ɗaya da aka ɗorawa bin maganar don kar iyaye su yi ta yawo ofis ofis, kuma dokar tace a yi aikin a inda yaro ya saba rayuwa, gida ko wajen reno. In ya cika uku sai a miƙa shi ga tsarin makaranta. Ba wai komai na tafiya sumul bane, kowace jiha da nata ma'aunin wanda ya cancanta, ga ƙarancin ma'aikata ga jira, amma ƙashin bayan abin a bayyane yake, a gano, a auna, a koyawa iyali, a bi sawu.

Na san abinda mutum zai ce, wannan ai ƙasar masu kuɗi ce, mu da ko farasitamol wani lokacin babu a asibitin ƙauye. Gaskiya ne, shiyasa labarin Jamaika yafi min amfani. A tsakiyar shekarun 1980 a unguwannin talakawa na Kingston, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, ƴan wata 9 zuwa 24. Wasu aka basu madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, ba likita ba, take zuwa gidansu awa ɗaya duk sati har shekara biyu tana nunawa uwa yadda zata yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa da robobi da tsummokara da kwali. Aka bi yaran nan har suka girma. Bayan shekara 20 waɗanda aka yiwa ziyarar wasan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo waɗanda basu taɓa tsumburewa ba, amfanin madarar kuma bai ɗore haka ba. Ba ana nufin abinci bashi da muhimmanci bane, yaro mai yunwa ko wasan ma bazai iya ba. Abinda ya nuna shine mai yin ainihin aikin uwa ce da mutanen gida, ƙwararre koyarwa yake da dubawa. Ku lissafa da kanku, mai gashin ƙashi zai ga yaro na minti 30 a sati in ma an samu zuwa, sauran awannin satin duka a bayan uwarsa yake ko a hannun yayarsa ko kakarsa, yadda ake goya shi da yadda ake zaunar da shi a bashi kunu da yadda ake masa magana wajen wanka, nan ne gashin yake.

Kuma a wannan ɓangaren muna da jari. Goyo, gida cike da mutane, yayye da ke masa tawai, waƙar rarrashi, yaronmu baya kwana shi kaɗai a ɗaki. Abinda ke ragewa shine magana da jariri kai tsaye, mutane da yawa na ganin me zaka ce wa wanda bai san komai ba, ga kunyar ɗan fari da har yanzu a wasu gidajen ke hana yarinya ta yi wasa da ɗanta a gaban surukai, ga kuma sabon abu, a miƙa masa waya yayi shiru. WHO a 2019 tace yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar dashi gaban allo, don waya bata amsa masa, shi kuma yare daga amsawa ake koyonsa, yayi sauti ki mayar masa, ya nuna kaza ki ce kaza ce.

Wajen ganowa ma ba sai an gina sabon abu ba. Uwa na kai yaro rigakafi ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. Ana ɗora shi a sikeli, ana rubuta nauyi a kati, ana tsira allura, a kira ta gaba. Da za a ƙara tambaya huɗu kacal a kowane zuwa, yana riƙe wuyansa, yana firgita da ƙara, yana zama, yana kiran wani abu, da an kama yara masu yawa shekara biyu kafin lokacin da ake kama su yanzu. An ma gwada a ƙasar nan, Dakta Bolajoko Olusanya ta sa ma'aikatan lafiya na matakin farko suna gwada jin jarirai da ƴar na'ura a wajen allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a Legas wajen 2005, ya kuma yi aiki, har da jariran da ba a asibiti aka haife su ba aka samu. Su WHO da UNICEF kuma suna da kundin horar da irin waɗannan ma'aikatan akan koyawa iyaye wasa da hira da yaro, a 2018 ma suka ƙaddamar da babban tsarin reno tare da Bankin Duniya, bayan mujallar Lancet a 2016 ta ƙiyasta yara miliyan 250 ƴan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu tasowa na cikin haɗarin rashin kaiwa inda ya kamata su kai. Tabbas akwai yaran da ko rigakafin ba a kaisu, kuma sune suka fi shiga haɗari, su sai dai ta hanyar ungozoma da masu bi gida gida.

Inda abin yake da wuya da gaske shine bayan an gano. Ace ma'aikaciya a ƙauye ta ga yaro ɗan wata 10 wuyansa na lilo, ina zata tura shi? Likitocin ƙwaƙwalwar yara da masu gashi suna manyan asibitoci ne, Malam Aminu Kano, Shika a Zariya, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, asibitin ƙashi na Dala, cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna, masu koyar da magana kuwa ƴan ƙalilan ne a ƙasar gaba ɗaya kuma yawancinsu a manyan birane. Ace wa matar da ke tafiyar awa uku ta riƙa zuwa duk sati, da kuɗin mota da ɗan shekara biyu a baya da wani cikin, zata zo sau uku ta daina, sai a rubuta cewa iyaye basu bada haɗin kai ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar da aka kafa a 2020, ci gaba ne, amma hankalinta yafi karkata ga gine-gine da aikin yi da makaranta, ɗan wata takwas da bai zauna ba babu ofishin da yake jin nasa ne, ma'aikatar lafiya na ganin ba mara lafiya bane, ta ilimi na ganin bai isa makaranta ba. Ni a ganina abinda zai yiwu shine babban asibiti ya auna ya tsara, sannan a horar da ma'aikatan ƙaramar hukuma su riƙa bibiya, a haɗa iyaye mata masu irin yaran nan rukuni rukuni a asibitin kusa ko sau biyu a wata, don wallahi rabin nauyin da ke kansu kaɗaici ne.

Dole kuma a faɗi maganar ɗan ruwa. Har yau akwai gidajen da in yaro ya shekara biyu jikinsa laƙaƙai yana dalalar da miyau sai a fara raɗe-raɗin an musanya shi, ko uwar ta yi wanka da magariba da ciki, ko daga danginsu ne. Sakamakon shine a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, uwa ta daina zuwa suna da biki, wani auren ma ya mutu akai, kuma duk kuɗin da za a yi gashi da shi ya tafi wajen masu cewa zasu cire abin cikin kwana bakwai. Addu'a da tofi basa faɗa da asibiti, a yi su tare, amma duk wanda yayi alƙawarin warkar da shanyewar ƙwaƙwalwa ko galahanga da garin magani ko wani kafso mai tsada na intanet kuɗinku yake so. Shi kansa tallafin wurin ba alƙawarin warkewa bane. Wani yaron zai kamo sa'o'insa tsaf, wani bazai taɓa takawa ba, amma ko shi akwai tazara mai nisa tsakanin wanda aka koyawa uwarsa yadda zata zaunar dashi ya haɗiye abinci ba tare da ya shaƙe ba, gaɓoɓinsa basu ƙage ba, ana bashi maganin farfaɗiya akan lokaci, yana iya nuna abinda yake so, da wanda aka bari kwance a gefe guda shekara biyar.

Iyaye maza, dan Allah wannan ba maganar mata bace. Izinin fita a hannunku yake, kuɗin mota a hannunku yake, kuma in hajiya tace a bari a gani ku kaɗai ne zaku iya lallaɓata cikin ladabi. In matarka tace yaron nan akwai abinda bai mata ba, ka ɗauka da gaske, ita ke tare dashi dare da rana. Ku ɗauki katin rigakafi, ku tuna abinda ya faru ranar haihuwa da satin farko da duk wani zazzaɓi mai jijjiga, ku ɗauki ɗan bidiyo a waya na yadda yake zama ko motsi ko abinda yake yi in an kira shi don yara basa nuna halinsu a gaban likita. Ku nemi ganin likitan yara, ku ce a gwada ji da gani ko da kuna ganin yana ji, kuma in aka ce ku dawo bayan wata uku ku tambaya me zamu riƙa yi masa a gida kafin nan, a nuna muku da hannu kafin ku fito.